Doka Ta Huɗu

Tun a cikin jirgi na san tafiyar nan da Yaya ba za ta yi daɗi ba. Ni na nemo likitan da zai yi wa Baba aikin ido a ƙasar waje, ni na cike takardu, ni na kama mana gidan haya na kwana goma ta waya, irin wanda masu zuwa hutu ke sauka. Shi kuwa abin da ya kawo kawai shi ne wai shi ne babba. Mai fenti ne, shekara ashirin yana sana'ar, kuma gani yake duk bangon duniya jiran burushinsa yake yi.

Gidan yana hawa na uku: ɗaki biyu, falo, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Mai gidan wata doguwar tsohuwa ce da ke zaune a hawan da ke ƙasa da namu, da tarin makullai a wuya, shi ya sa muka sa mata Mai Makulli. Ranar da muka zo ko murmushi ba ta ara mana ba. Ta dubi akwatunanmu, ta dubi takalman Yaya, sannan ta nuna wata takarda da ke manne a jikin firji, ta fita.

Ni kaɗai ke jin harshen ƙasar, shi ma tsinta-tsinta. Baba ya zauna a kujera ya ce, "Auta, karanta mana mu ji."

"Ta ɗaya, ba a shan taba. Ta biyu, ba a kawo baƙi. Ta uku, shara kala uku ce, kowace da kwandonta."

"Shara ma sai an yi mata aji?" in ji Yaya. "Ke dai kin iya zaɓe. Duk faɗin garin nan ki rasa inda za ki kawo mu sai gidan yari. Dubi bangon nan, ko kare ba zai jingina da shi ba."

Raina ya ɓaci. Doka ta huɗu doguwa ce, tana magana a kan katakon gefen ƙofar kicin, cewa kada a goge shi, kada a wanke shi. Na karanta a zuciyata, na ga ba zan ɓata yawuna a kan mutumin da ba ya saurare ba. Na tsallaka zuwa ta biyar, na ƙarasa, na shige ɗaki.

Haka muka zauna kwana bakwai kamar masu jiran alƙali. In na dafa ya ce gishiri ya yi yawa. In ya jefa kwalba a kwandon takarda, in tsamo ta in dangwarar a gabansa. Mai Makulli kuwa da an ja kujera sai ta bugi silin ɗinta da sanda.

Aka yi wa Baba aiki lafiya, aka naɗe masa ido biyu. Sai likita ya ce dole mu ƙara kwana biyar kafin a kwance naɗin, kuma kada a yi ta jijjiga shi a mota. Na duba waya har idona ya yi zafi, garin cike yake da masu hutu, babu ko ɗaki guda kusa da asibiti. Dole na sauka na roƙi Mai Makulli. Ta bar ni a tsaye a bakin ƙofa, ta ce ranar Alhamis za ta hau ta duba. In ta tarar da gidanta yadda ta ba mu shi, za ta ƙara mana. In ba haka ba, Juma'a mu fita.

Da na faɗa wa Yaya, na haɗa da nawa: "Ka ga dai ni nake ta wahala. Kai me ka tsinana tun da muka zo, ban da ci da tsegumi?"

Ran Laraba da hantsi sai ga shi da ƙaramin gwangwanin farin fenti, burushi da takardar gurza katako. Ya tsaya a ƙofar kicin yana shafa katakon nan da ke cike da zane-zanen biro da fensir, gajerun layuka a kwance, wani bisa wani, da lambobi a gefe.

"Dubi ƙazantar da 'yan haya suka bar mata," ya ce. "Yau za ki ga abin da nake tsinanawa. Gobe da kanta za ta roƙe mu mu zauna."

Wallahi na tuna da dokar nan, ta zo min har bakina. Amma sai na hango tsohuwar tana wanke shi tas a gabana, ni kuma ina fassara masa kalma bayan kalma, ina jin daɗi. Na ɗauka abin bai wuce faɗa ba. Na ɗauki jakata na ce na tafi sayo maganin Baba.

Gaskiya ya iya aikinsa. Da na dawo katakon yana ƙyalli, sumul, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Ran Alhamis Mai Makulli ta hau. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe kwandunan shara, ta shafa tebur da yatsa. Yaya ya tsaya kusa da aikinsa yana washe baki. Da ta iso ƙofar kicin sai ta tsaya cak. Ta ɗora tafin hannu a kan katakon, daidai gwiwarta, ta riƙa jan shi sama a hankali har ya kai ƙirjinta. A nan ta tsaya. Makullan wuyanta suka fara kaɗawa.

Ba ta yi ihun da na ci buri ba. Magana ta yi ƙasa-ƙasa, tana kallona ni, ba shi ba.

"Me take cewa?" in ji Yaya. "Ta yaba?"

Na ce masa, "Ta ce a nan take auna tsawon ɗanta duk shekara. Ta ce layin ƙarshe an ja shi ne yana da shekara goma sha ɗaya. Daga nan ba a sake auna shi ba, rasuwa ya yi."

Yaya ya yi salati, ya jingina da bango. "Ki ce mata zan kankare. Ki ce zan iya..." Amma shi ya fi kowa sanin ya gurje katakon kafin ya shafa.

Tsohuwar ta fizge takardar daga jikin firji, ta danna min ita a ƙirji, yatsanta a kan layi na huɗu. Ta ce gobe ƙarfe goma ta tarar da makullinta a ƙofa. Ta sauka, muna jin takunta har ƙasa.

"Me ta nuna miki a takardar?" Yaya ya tambaya.

"Lokacin fita ne," na ce.

Baba yana kan kujerarsa, fuska a naɗe, na ɗauka barci yake. Ya juyo da kai daidai inda nake.

"Auta," ya ce, "ran da muka zo, daga ta uku kika tsallaka zuwa ta biyar. Na ji ki, na ce ko ba ta shafe mu ba ne. Tunda gobe a titi za ku ajiye ni, karanta mana ta huɗun, ni da yayanki mu ji."

Takardar tana hannuna. Yaya ya zuba min ido, ƙumbarsa har yanzu da sauran farin fenti. Na buɗe baki na fara karantawa.