Kwalin Auta

Shekara arba'in ina gyaran agogo a ɗan shagon da ke jikin gidana, amma yanzu sai in wuni ba wanda ya leƙo. Kowa ya mai da wayarsa agogo. Duk da haka nakan buɗe da safe, in goge gilashin tebur, in saita agogunan bango guda shida, in zauna ina sauraronsu. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu, su kaɗai ke magana a gidan nan.

'Ya'yana maza biyu sun yi nisa, sai dai gaisuwa a saƙon waya. Autata kuma tana aure a wani gari, ga aikin koyarwa, ga yara uku, ban ga laifinta ba. Da ta ji an ɗora ni a kan maganin hawan jini, sai ta ɗauri aniyar ciyar da ni daga nesa. Duk ƙarshen wata direba zai kawo kwali: garin waken suya gwangwani biyu, da wani gishiri da ta ce na masu hawan jini ne. Da yamma sai ta kira ta ce, “Baba, saƙo ya iso?” Hirar takan kai minti uku, in ta yi tsawo huɗu. Ni mai agogo ne, na auna. Wannan kiran shi ne abin da nake jira duk wata.

Tsakani da Allah garin ba daɗi, gishirin ma ɗaci-ɗaci yake yi. Amma safe da yamma nake dama garin da kauri, in barbaɗa gishirin a komai, don in ta tambaya ko sun ƙare in ce sun ƙare ba tare da na yi ƙarya ba.

A wata na biyar ƙafafuna suka yi nauyi. Zuciyata kuma ta fara tsallake bugu, kamar agogon da ƙura ta shiga cikinsa. Na je asibiti aka ɗebi jinina. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar Auta ba, ta duba takardar ta ce in kawo mata duk abin da nake ci kullum. Washegari na kai mata gwangwanin da gishirin a leda. Ta juya bayansu ta karanta, ta cire tabarau.

Ta yi min bayani a hankali. Akwai wani sinadari a jini, fotasiyam, wanda jiki ke buƙata daidai gwargwado. Irin maganin da nake sha yana sa ƙoda ta riƙe shi, ga ƙodata ta fara gajiya. Garin waken suya yana da shi da yawa, gishirin nan kuwa kusan shi ne zalla. In ya taru a jini, bugun zuciya yake rikitawa, har ya tsayar da ita. Ta ce wake ba guba ba ne, wasu suna ci lafiya lau, amma ni in bar gishirin ɗungurungum, in ajiye garin har a sake gwaji, kuma kada in kuskura in daina shan magani.

Na ce ko za a canza min maganin ne, a bar min garin.

Ta dube ni ta ce, “Baba, canza abin karin kumallo ya fi canza magani sauƙi. Ko akwai wani dalili ne?”

Na ce babu.

Wata biyu ina karɓar kwali ina tura shi ƙarƙashin tebur. Jikina ya yi sauƙi, zuciyata ta koma bugunta. In Auta ta kira ta tambaya ko na baya ya ƙare, in ce tas. Tsofai-tsofai da ni ina yi wa 'yar cikina ƙarya, kunya ta ishe ni. Amma na san in kwali ya daina zuwa, ba ta da dalilin kira, ni kuma ban iya cewa a kira ni haka kawai ba.

A wata na uku da fara ɓoyon ne ta ce min da murnarta ta sayo wa surukarta irin gishirin, ita ma tana shan maganin hawan jini, tun da ga shi ya karɓe ni. Matar nan ba ta yi min komai ba.

Na ce, “Auta, kada ki ba ta sai likitanta ya gani.” Daga nan na kwashe komai na faɗa mata, har da kwalayen ƙarƙashin tebur.

Can ta ce, “Baba, da hannuna?” Na ce ba laifinta ba ne, niyyarta alheri ce. Ba ta ji ba. Tana kuka ta ce ba za ta sake turo komai ba. Ranar mun yi minti tara.

Ƙarshen wata ya zo, direba bai zo ba. Na ajiye wayar a kan tebur kusa da tabarau na aiki, na duba ko a kashe take. A kunne take. Kwana uku haka. Na san kunyata take ji, na kuma san halinta, don nawa ta ɗauko. In na biye mata sai mu shekara kowa na jiran kowa.

A rana ta huɗu na kira ta da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Muka gaisa, na tambayi yara, sai magana ta ƙare. Na ja aljihun tebur don hannuna ya samu abin yi. Cike yake da batiran agogo, sun fi ɗari biyu, wasu ko fakitinsu ban ɓare ba.

Na ce, “Dama batirin agogo nake so ki turo min. Na nan ba su da ƙarko.”

Auta ta tashi a shagon nan. Ita ce take jera min batiran a wannan aljihun tun tana ƙarama. Na ji tana jan hanci.

“To, Baba. Wane iri?”

Na rufe aljihun a hankali, na ce, “Sai na duba. Ki kira ni gobe in faɗa miki.”