Ruwan Farin Duro

"Me ka ɗauko a kular nan?" na ce, na gitta tsintsiyata a bakin ƙofar Don Nicanor.

Mutumin ya ja ya tsaya, hular kwano a hannu ɗaya, kula a ɗayan. Wilfrido sunansa, ɗan acaba ne daga wajen kasuwa, zai kai shekara arba'in, ga haƙorin zinare ga zane a damtse. Karo na uku ke nan a wata ɗaya ina ganin ya shigo da kula fayau, ya fita yana rungume da ita.

"Ina kwana, Doña Hermelinda. Kyauta ce aka ba ni."

"Ban tambaye ka ba. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Leda uku ne ɗaure da ruwa, a cikin kowace akwai ɗan reshen murjani mai rai, irin dutsen nan da ke tsiro a ƙarƙashin teku, bai wuce ɗan yatsa ba.

"Maƙwabciya," Don Nicanor ya ɗaga murya daga falo, "ki bar bawan Allah ya wuce kafin ruwan ya yi zafi."

Na janye tsintsiyar, amma sai da na haddace lambar babur ɗin.

Shekara ashirin da shida muna raba katanga ɗaya da Don Nicanor Barraza a Barranquilla. Gyaran firji ya yi har ya tsufa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa yana Madrid, abin da ya rage masa shi ne tankin gilashin da ya cinye rabin falonsa, da shuɗiyar fitila da fanka biyu suna hura saman ruwan. A tsakiyar tankin akwai wani koren murjani mai rassa da yake kira Tsohuwa. Shekara goma sha tara yana renonta. Ni dai ban taɓa gane abin da ake kallo a dutse ba, amma na ji da kunnena, daga bakin masu wannan sha'awa da ke taruwa a gindin mangwaronsa ranar Asabar, cewa ɗan yatsa ɗaya na Tsohuwa ya isa cefanen mako.

To kuma a 'yan watannin nan wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu, abincin da nake miƙa masa ta kan katanga yana dawowa rabi. Yana ramewa, masu kula suna ƙaruwa. Ni ba yarinya ba ce, na haɗa lissafina.

"Don Nicanor, cinye ku ake yi da ranku," na ce masa ran nan, na dire masa kofi. "Wannan mai haƙorin zinaren, wallahi kafin ya kai kwana ya sayar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke ko limamin coci ne ya gaishe ki sai kin duba jakarki."

"Shi ya sa ba a taɓa yi mini sata ba."

"Zauna ki ji. Ita kanta Tsohuwa haka na samo ta, wani mutum a Santa Marta ya ba ni, ba ta kai farcena ba. Ƙa'ida uku ya gindaya mini. Abin da aka ba ka ba ka sayarwa. In ya girma ka yanka ka ba sabon shiga. In kuma gidan da ya fito ya yi asara, ka mayar da reshe. Wata biyar ke nan da Wilfrido ya fara, da wani ɗan tanki da ya haɗa da gilashin taga. Wa zai ba shi in ban ba shi ba?"

"Kun je kun ga tankin da idonku?"

Bai je ba. Na ce to, na kwashe kofin na fita.

Da hantsin wata Talata ciwon da ke ramar da shi ya kayar da shi a tsakar gida. Ni da mai tasi muka ciccibe shi za a kai shi asibiti. Yana kwance a kujerar baya, fuskarsa ta yi toka-toka, ya lalubo makulli ya danƙa mini.

"Ruwa yana raguwa kullum," ya ce da ƙyar. "Akwai layi a jikin gilashin. Kada ya sauka. Wilfrido zai nuna miki."

Washegari kuwa sai ga babur. Na kulle ƙofar ƙarfen gidan Don Nicanor, na tsaya daga ciki da makullin a aljihun riga.

"Doña, minti biyar kawai. In auna gishirin, in nuna miki yadda ake yi."

"Nuna mini daga nan. Kunnena lafiya lau."

Ya share gumi. "To shi ke nan. A bayan kicin akwai duro biyu, fari da shuɗi. Na farin za ki riƙa ƙarawa. Ni na cika shi shekaranjiya. Kada ki taɓa shuɗin, wannan na wani aiki ne daban."

Da ya tafi na je na tsoma yatsa a farin duron na lasa. Salam, babu ɗigon gishiri. Na lasa na shuɗin, ga teku nan sak.  An haife ni a bakin teku, ubana masunci ne, na san abin da ruwan kogi ke yi wa kifin teku. Wato mutumin nan ya kwashi rassa ya kai gida, yanzu kuma yana so in kashe uwar da hannuna, nasa ya zama shi kaɗai a gari, ya tsuga kuɗin da ya ga dama. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba. Na ɗebi na shuɗin na cika har layi.

Haka na yi kullum, safe da yamma, don zafin watan nan ba ya wasa, fankokin kuma suna shan ruwa kamar me. Da shuɗin ya ƙare na samu buhun gishirinsu a gefe, na dama da kaina, ina ɗanɗanawa har ya yi daidai da bakina. Wilfrido ya zo sau huɗu. Ya kawo wata mata da wani mai tabarau daga cikin 'yan Asabar, na ce ai taron ne ma ya fi ba ni tsoro.

"Na farin kike sawa ko, Doña?" ya tambaya ta tsakanin ƙarafan.

"Ina sa abin da ya kamata."

A mako na biyu ƙananan murjanin da ke kewaye da Tsohuwa suka tsuke, suka daina kaɗawa. Na ce kewar mai su suke yi. A na uku kifaye biyu masu ruwan lemo da ke cikin tankin suka taso sama ciki a waje, falon ya ɗauki wani ƙarni. Ranar Lahadi na dawo daga coci na tarar Tsohuwa ta fara fari daga gindi, koren yana saɓulewa yana yawo a ruwan. Kafin Litinin da rana ta zama ƙashi.

Ni na kira Wilfrido. Lambarsa tana rubuce a bango kusa da tankin, da hannun Don Nicanor.

Ya shigo ya nufi tankin. Ya ɗiga ruwan a wani ɗan ma'aunin gishiri, ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa, ya sake ɗigawa ya sake leƙawa. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Doña, in rana ta sha ruwa, ruwan kaɗai take sha. Gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Kullum kina ƙara masa wani a kai."

Ni da na yi shekara hamsin ina dafa miya, na san in ta ƙone ruwa ake ƙarawa, ba gishiri ba. Na sani sarai. Ban tuna ba ne, saboda hankalina duk yana kan haƙorin zinare. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

"Ka zage ni mana," na ce.

"Zagin me zai tayar? Ɗauko bokiti."

Muka kwashe abin da ya mutu, wato kusan duka. Ranar Laraba muka tafi asibiti, ni a bayan babur ɗin da na haddace lambarsa, riƙe da kwanon miyar kifi da na san ba za a sha ba.

Don Nicanor ya koma rabin yadda na san shi. Ya ga mun shigo tare, ya ɗaga gira.

"Yau kuma? Kin duba jakarki dai ko?"

Na yi yaƙe. Na yi niyyar faɗa masa, tun a hanya nake shirya maganar. Amma da ya ce, "Ya Tsohuwa?" sai na ji bakina ya ce, "Tana nan lafiya."

"In gani."

 Wilfrido ya zaro waya, ya lalubo hoto, ya kai masa dab da fuska. Kore ne shar, rassa biyar, kamar yatsun hannu. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Wannan gam ɗin da ya yi tabo a kusurwa," ya ce a hankali, "ba aikina ba ne. Gilashin taga ne wannan."



"Da reshe ɗaya na ba ka wannan, Wilfrido. Har ya zama biyar?"

"Shida, Baba. Ɗaya yana ta baya."

"Ka rage fitilar kaɗan, bakin ya fara haske." Ya juyo ya dube ni. Na jira tambayar, ina ji kamar in nutse. Bai yi ta ba. Ya ce, "Maƙwabciya, kin sha wahala da ɗaukar ruwa. Sannu."

Ranar Juma'a da azahar ya cika. Ɗansa ya zo daga Madrid, ya yi kwana tara na addu'a, ya sayar da tankin fayau, ya sa gidan a kasuwa. Na miƙa masa makullin, ban iya haɗa ido da shi ba. 'Yan Asabar sun zo jana'iza su goma sha ɗaya, na ƙirga, kuma kowannensu na taɓa ganinsa da kula a ƙofar nan. Babu wanda ya yi mini ko kallon banza. Da sun yi da na fi samun sauƙi.

Bayan wata guda na ji babur ya tsaya a ƙofata. Wilfrido ne, ya ɗauro ɗan tanki a baya, ga kula a hannu.

"Me ka ɗauko a kular nan?" na ce, amma muryata ba ta fita yadda na so ba.

"Gidan da ta fito ya yi asara, dole a mayar da reshe. Gidan kuma babu kowa. Naki ne ya fi kusa."

"Ni da na kashe ta?"

"Duk cikinmu babu wanda bai kashe ba, Doña. Ni na farko da ya ba ni kwana shida ya yi. Ina za mu ajiye?"

Muka ajiye shi a kan teburin keken ɗinkina, jikin bangon da muka raba da Don Nicanor. Ya ja layi da baƙin alƙalami a gilashin, ya bar mini farar jarka, ya ce zai riƙa leƙowa ranar Asabar da ma'auninsa. Na ce ya riƙa zuwa da yunwarsa.

Yau da safe ruwan ya sauka da faɗin yatsa. Na buɗe jarkar, na lasa, don hali ba ya barin mutum. Salam. Na tsiyaya a hankali har ya taɓa layin, na jawo kujera na zauna. A ƙasan tankin ɗan reshen yana tsaye shi kaɗai, bai kai farcena ba, ya buɗe ƙananan gashinsa kore suna kaɗawa.