Goyo a Kujerar Jirgi

Da Auta ta rasu, mijinta ya ce in tafi da yaron. Aikinsa na cikin teku ne, yakan yi watanni bai taka ƙasa ba, kuma a ƙasar da suke zaune ba su da kowa. Yaron ya ɗan haura shekara biyu. Angona nake ce masa, yadda kaka ke tsokanar jikanta, shi kuma ya ce mini Iya. Abin da 'yata ta bar mini ke nan, shi da akwatin kayanta.

Na taɓa shiga jirgin sama lokacin da aka kira ni jinyarta, amma ban san me aka yi a wannan tafiyar ba, idona a rufe na je. Ranar da za mu taho gida, a filin jirgi surukina ya durƙusa yana gyara wa yaron takalmin da ba abin da ya same shi. Ya ce, "Mama, tafiyar wuni ce cur. Duk abin da ma'aikatan suka ce, ki bi. Shi kaɗai ya rage mana."

Kujeru uku ne a jere. Ni a jikin taga, Ango a tsakiya, sai wani Alhaji mai ƙiba a bakin hanya, wanda tun bai zauna ba ya gaya mana shi dillalin tayoyi ne.

Ni dai abin da na sani na tsare yaro shi ne goyo. Da goyo na raini 'ya'yana duka, na hau manyan motoci da su, ba wanda ya taɓa suɓuce mini. Saboda haka na ciro zani daga jaka, na saɓa Ango a baya, na tamke da majanyi, na zauna a bakin kujera ina jiran a tashi.

Sai ga ma'aikaciyar jirgi, wata doguwar yarinya. Ta rage tsawo ta ce, "Mama, sai dai a sauke maigidan."

Na ce, "Yarinya, wannan ɗaurin ko guguwa ba ta kwance shi."

Ta ce, "Na yarda. Amma in jirgi ya yi girgiza, bayanki ne zai matse shi da kujera. Nauyinki duka a ƙirjinsa zai sauka."

Ban taɓa tunanin haka ba. Na kwance zanin. Ta zaunar da shi a kujerarsa, ta zagaya masa bel a ƙugu, ta ja har ya kama shi sosai. Ta nuna mini wata 'yar fitila a saman kanmu, ta ce duk sanda ta kama, to kowa a ɗaure.

Jirgi ya tashi lafiya, don ƙarar ta sa Ango ya yi tsit. Amma kafin a kawo ruwa ya gano yadda ake ɗaga ƙarfen bel ɗin. Ya ɗaga, ya ji ƙas, ya dube ni ya yi dariya. Na mayar. Ya ɗaga. Na mayar.

Alhaji ya ce, "Hajiya, wannan angon naki ba mai zaman gida ba ne. Da ni ne ke, da na kai ƙara wajen iyayensa."

Na ce, "Haka na same shi, Alhaji. Kyau ne ya ruɗe ni."

Ya ba shi makullansa, ya ba shi hularsa. Ni na ba shi biskit. Kowanne sai ya riƙe shi kaɗan, ya jefar, ya koma kan ƙarfen. Idan fitilar ta mutu, na sauke shi mu yi ta zarya tsakanin kujeru, yana taɓa gwiwar kowa kamar mai rabon gaisuwa. Tagar nan kuwa ban yarda na kalle ta ba. Tsoro nake ji.

Bayan an ci abinci, matuƙi ya yi magana a lasifika, fitilar ta kama. Ma'aikaciyar ta zo da sauri tana kwashe kofuna. Ta ce, "Mama, akwai gargada a gaba, mai ƙarfi ce. Kada ya fita daga bel ko da me zai yi." Ba ta gama kwashewa ba aka sake magana, ta saki aikin ta je ta zauna ta ɗaure kanta. Wannan ne ya tsorata ni.

Ango ya gaji, barci yake ji. Na ɗaure shi, ya banƙare, ya ɓalle ƙarfen. Na sake ɗaure shi, ya cije ni. Jirgi ya fara rawa kamar mota a kan tsakuwa. Sai ya miƙa hannuwa sama ya ce, "Mami, goyo."

Tun da aka binne uwarsa bai kira ta ba sai ranar.

Na dai samu na maƙala ƙarfen, amma ban iya riƙe fuskata ba. Na juya masa baya na fuskanci taga don kada ya ga ina kuka. Hannun kujerar da ke tsakaninmu dama a ɗage yake. Sai na ji kumatunsa ya sauka a gadon bayana, 'yan yatsunsa sun damƙe rigata ta gefe da gefe. Kukan ya tsaya. Ashe bayan yake nema, ba tashi ba. Na lallaɓa na kai hannuna ta baya na rufe ƙarfen da tafina, na fara ɗan jijjiga shi yadda ake wa goyo.

A haka dole na kalli waje.

Duk tsawon rayuwata daga ƙasa nake ganin gajimare, ban san yana da baya ba. Ga shi a ƙarƙashinmu shimfiɗe, fari tas, har iyakar ganina, kamar audugar da aka gama shiɓa. A gabanmu kuma wani ya miƙe tsaye, ya fi duk dutsen da na taɓa gani, kansa na ƙyalli da rana, cikinsa baƙi ƙirin, walƙiya na motsi a ciki ba ƙara. Na tuna Auta ta sha ratsa wurin nan tana zuwa gida, ba ta taɓa gaya mini haka yake ba. Ko ta gaya mini ina can ina wanke-wanke ban saurara ba.

Sai jirgin ya faɗa.

Ban san wata kalmar da zan kira shi ba. Kujerar ta gudu daga ƙarƙashina. Hular Alhaji ta tashi ta tsaya a iska, cokula suka bi ta, ruwan lemo ya fita daga kofi a dunƙule. Na ji nauyin yaron ya bar bayana. Na ji bel ɗin ya miƙe a ƙarƙashin tafina, ya yi tauri kamar igiyar guga cike da ruwa, ya riƙe shi, ya mayar da shi kan kujera. Da hannuna kaɗai ne, da ya tafi. Na sani, don na ji ƙarfin abin a ƙashina.

Aka yi ta salati, wata mata na kuka a baya. Jirgin ya ƙara girgiza kaɗan, sannan ya daidaita. Na shafa kan Ango ta baya, na shafa ƙafafunsa. Ya ɗago kai ya ce, "Iya, ƙara."

Alhaji yana goge lemo daga gemunsa, ya ce, "A'a ango, a yi haƙuri. Wanda aka yi ma ya ishe mu har jikoki."

Da muka fita daga gajimaren sai ga teku can ƙasa, shuɗi, shiru, da inuwar jirginmu a kansa kamar ƙuda. Na yi ta kallo ban ƙoshi ba. Numfashin yaron ya fara dumama bayana a hankali, ya yi barci.

Ma'aikaciyar ta zo dubawa, ta tsaya ta kalle mu, ta gwada bel ɗinsa da yatsa. Ta ce, "Haka ya yi, Mama. Kada ki motsa."

Ban motsa ba. Wuyana ya ƙage, hannuna ya mutu, fitilar ta mutu ta sake kamawa, ina nan a karkace. Sai da tayoyi suka daki ƙasa, jirgin ya gama gudunsa ya tsaya cak, sannan na roƙi Alhaji ya taya ni zare hannun, don ya ƙi buɗewa. Shatin ƙarfen ya fito ɓaro-ɓaro a tafina. Ango ko farkawa bai yi ba.