Sandar Arɗo a Ƙofar Ɗakin Taro

Ni ne Ma'azu, Sarkin Noman wani ƙauye bayan Geza. Shekara ashirin da shida ina zama da Arɗo Atiku a gindin tsamiyar bakin kasuwa, mu tsayar da ranar da za a saki shanu cikin gonaki. Shi ya aza sandarsa ƙasa, ni in ɗora laujena a kai, sannan a faɗi rana kowa na ji. Ko Fulanin da ke ƙetarowa daga Benin ba su saɓa ranan nan.

Bana aka sare tsamiyar, aka gina mana ɗakin taro mai fanka, wai don a haɗa kan jama'a. Ba wanda ya tambaye mu.

Ruwa ya makara, dawata na neman ƙarin mako uku. Da roƙon nan na tafi taron.

A ƙofa ni da Arɗo muka tarar da Saifuddeen, jami'in da aka turo, da takarda a hannu.

"Baba, a bar sanduna waje. Ba a shiga da makami."

Arɗo ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Makami? Samari, wagga sanda ta girme ka." Ya juyo gare ni. "Kai Kaɗo, har laujenka za su amshe? To da mi za mu yi magana?"

Na ce wa jami'in, "Ɗana, ba faɗa muka zo yi ba. Da su ake ɗaure alkawari."

"Akwai takarda, Baba. Kowa zai sa hannu."

"Wa zai karanta wa makiyayi takarda a daji? Kai?"

"Ni dai haka aka umarce ni."

Umarni! Mutumin da bai san bambancin dawa da gero ba in suna tsaye. Na ɗaga murya har masu awo suka taru, bai gusa ba.

Arɗo ya saɓa sandarsa a kafaɗa, Fulani suka bi bayansa. Na cim masa wajen rijiya ina haki.

"Arɗo, mako uku kawai. Don Allah."

"Nawa shanun, Sarkin Noma, ba su taɓa maka kara ɗaya. Amma baƙin ƙetare suna hanya, jibi su iso. In na ce an tsai da rana, za su ce a gaban wa? Ni da kai bakin rijiya ba taro ba ne."

Na koma. Manoma sun watse, kowa ya ruga gonarsa. Ta taga na hango Saifuddeen yana ta gwada lasifika, kujeru babu kowa.

Washegari bayan sallar asuba na tara iyalina kaf muka shiga gona. Dawa ɗanya, in ka matsa ƙwaya ruwa fari ke fitowa. Matata Zakiyya ta riƙe zangarniya tana kallona.

"Malam, wannan ba ta ajiyuwa a rumbu."

"Na sani," na ce. "Yanka."