Zobe a Cikin Safa

…kuma wa ya ce masa safa? Shi ya ce wa kansa. Lisbon ce, 'yan sane sun fi tantabaru yawa a taragon nan mai hawa tudu, kowa ya sani — sai ya cusa zoben neman auren a safar hagu, wajen idon sawu. Amílcar mai aski, sarkin dabara. To ga shi tun da safe zoben ya sulale, ya tafi ya yi zamansa a ƙarƙashin tafin ƙafa, ɗan dutsensa na kallon sama.

Deolinda kuwa, wadda ya sayo wa zoben, ko a jikinta. Tana gaba, hula a karkace, garin kirfa a gefen baki — kek ɗin ƙwan da ta rantse ɗaya za ta ci. Tana nuna masa shuɗin zanen jikin bango, tana gaisawa da wata tsohuwa mai shanya a taga kamar tare suka tashi. Mace ta haura sittin tana hawa tudu kamar akuya… Daɗi yake ji. Allah ya sani rabonsa da jin daɗi haka har ya manta. Ƙafar ce kawai.

Yau ne fa. Gobe Lahadi, motar komawa garinsu Viseu. Litinin za ta ba ɗanta amsa, ɗan nan na Suwizalan da ya gyara mata ɗaki ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Ta ce tana tunani. Me zai riƙe ta? Tsoho mai almakashi da ke kai mata lemo duk Alhamis, ya zauna ya yi ta hirar ruwan sama? In bai yi magana ba, ai tafiya za ta yi — kuma da gaskiyarta.

A bakin kogi ya buɗe baki… ƙarar jirgin ruwa ta riga shi. A ƙofar coci wasu baƙi suka miƙo waya ya ɗauke su hoto, ya ɗauka, ya yanke musu kawuna a hoton. Ta ina ma zai fara? Ya ce dakata in cire takalmi? A gaban jama'a? Wannan bai zo masa a rai ba a masauki. Wancan karon ma marigayiya Otília, matarsa, ita ta yi maganar auren a bayan gidan burodi, shi kai kawai ya gyaɗa. Tambaya ɗaya ya iya a duniya: a rage gefe ko a bari?

Tsohuwar ganuwa na can sama. Can zai yi. Gari duka a ƙasa, jajayen rufi, kogi na walƙiya, ƙamshin gasasshen kifi na tasowa… saura kaɗan. Taka da diddige. A'a, da gefe. Wa ya shimfiɗa duwatsun titin nan, me aka yi masa?

"Tsoho, ɗingishi kake yi."

"Ni? Rawa nake."

"Rawar gidanku. Zauna nan. Sai da na ce maka ba a yawo da sabon takalmi."

Ya zauna a bakin matakala, don ba a musu da Deolinda. Tana lalube a jaka — filasta. Yaushe ta saya? Ashe shigarta shagon magani ɗazu… tun can take kallon ƙafarsa? Ta riƙe filastar da haƙora, ta dafa kafaɗarsa, tana sauka a hankali, gwiwa ɗaya a ƙasa, tana kwance igiyar takalmin. Masu wucewa na murmushi.

Ba haka ya tsara ba. Shi ne ya kamata ya durƙusa. Kalmomin da ya yi mako yana bita a gaban madubin shago, ina suke? Ko ɗaya. Takalmi ya fita. Safar da ta wuni tana hawa tudu, ya Allah, safar…

"Me ka taka haka mai tauri?"

Yatsanta ya tsaya a kan abin, yana bin zagayensa ta cikin zare. Ba ta ɗago ba. Ba ta kuma ɗauke hannun ba.