Ciwon Gado

Saƙon ɗansa ya shigo wayar Kafinta yana tsakiyar goge katako: "Baba, likita ya ce ciwon jaririn na gado ne."

Kafinta ya yar da katakon, don shi ya ƙera wa jikan nasa ɗan gadon da hannunsa. Bai ko rufe shago ba ya nufi gida, ya ciro gadon tsakar gida, ya kwance shi ƙusa-ƙusa yana shinshina fenti. Sai da ɗan ya dawo ya same shi cikin katakai, ya yi dariyar da ta ƙare da hawaye.

"Baba, ba gadon kwanciya ba. Gadon jini. Sikila ce."

Kunyar ba ta dami Kafinta ba kamar abin da ya biyo baya. Matarsa, wadda duk abin da waya ta faɗa ya zauna, ta samo muryar wani mutum yana rantsuwa cewa daga uwa ake ɗaukar ciwon. Ta kunna wa kowa. Surukarsu, uwar jaririn, ta shige ɗaki ta daina fitowa, har an ga ta sauko da akwati. Kafinta kuwa yana son yarinyar nan kamar shi ya haife ta.

Ya tambayi mai kemis na bakin layi. Mutumin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya je sashen jini na babban asibiti ya nemi mai ba da shawara kan cututtukan gado. Ya je, ya sha layi, ya same ta a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya.

"Likita, don Allah ki faɗa min a hankali, kaina na katako ne."

Ta yi murmushi. "Baba, yaro ba ya samun sikila sai ya karɓo daga uwa ya karɓo daga uba. Su kansu suna iya zama lafiya ƙalau ba su sani ba. Ku zo a gwada ku a nan, ku bar maganar waya."

Nan take ya naɗe hannun riga. Da sakamako ya fito, shi ma yana ɗauke da ita.

Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin surukarsa, matarsa na jin sa daga kicin.

"'Yata, na je an gwada ni. Rabin abin nan daga jikina ya fito, ta kan mijinki. In tafiya za a yi, sai dai mu haɗa kaya tare."

Can labule ya motsa, ta leƙo idanunta a kumbure, ta miƙo masa jaririn.

"Baba, riƙe min shi. Tun jiya ban sa komai a bakina ba."