Aibin da Auta Ke Kiwo

Duk layin masu gyaran waya babu wanda bai san Mai Gyara yana da 'ya a jami'a ba, don ko gaisuwa ka tsaya yi sai ka sha labarin. Cewa yake autarsa na binciken ruwan da ke cikin sikirin ɗin waya, kuma ranar da ta gama, an daina ganin tabo a fuskar waya ke nan. Ita ba ta taɓa faɗa masa haka ba. "Ruwan sikirin" kawai ya ji, ya ƙarasa sauran da bakinsa.

Dogo mai batir, maƙwabcin shagonsa, shi ne ya ƙi yarda. Shi ya sa da Auta ta gayyaci mahaifinta ɗakin bincikensu, ya ja Dogo suka tafi tare, wai gani ya kori ji.

Ɗakin sanyi ƙalau. Auta ta sa gilashi mai ruwan sikirin a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu, ta kunna allon da ke haɗe da ita, sai ga wani baƙin zare ya ratsa hasken. Nan take Mai Gyara ya gane tabon sikirin ne. Ya tsufa yana jefa irin wannan a kwandon shara.

"Auta, wannan ai ya lalace."

"Aibi ne, Baba. Ni na yi shi, da gangan."

Dogo ya yi tarin da ba na mura ba. Mai Gyara ya ji kunya har tafin ƙafa, don ya san gobe duk layi da shi za a karya kumallo.

Ita ko a jikinta. Ruwan nan, in ji ta, cike yake da 'yan sandunan da ido ba ya gani, a jere kamar ashana a kwali. Inda jerin ya rasa ina zai fuskanta, nan zaren ke fitowa. Ta kuma zuba ƙwayoyin gilashi a ciki, waɗanda ƙura ma ta fi su girma. Kowace ƙwaya tana takura wa jerin, shi kuwa sai ya tura ta inda dama can a hargitse yake.

Suna kallo wata ƙwaya ta rarrafo ta manne a zaren. Wata ta biyo, wata ta biyo, suka jeru reras.

"Ba mai yatsun jera abu ƙanƙani haka, Kawu," ta ce wa Dogo. "Aibin ke jera mana."

Dogo ya ce, "To ke kika ce wa zaren ya bi ta nan, ko sa'a ce?"

Maimakon amsa, ta ɗauko sabon gilashi da ƙyallen karan-miski. Inda aka shafa, nan sandunan ke fuskanta, in ji ta, zaren kuma yakan kwanta inda shafa biyu suka saɓa. Ta ninke ƙyallen, ta ɗaga ƙaramin yatsa, ta ja gefe guda, ta ɗauke hannu, ta sake farawa daga sama.

Mai Gyara ya daina kallon allo. Hannun yake kallo. Ya tuno ta tana tsaye kan benci don ta kai teburinsa, tana goge masa sikirin.

"Wa ya koya miki wannan riƙon?"

"Shafar tana cikin littafi, Baba. Riƙon kuwa, wa ke cewa gefe guda, kar ki kai ki kawo?"

Wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa bakin magana, abin da layi bai taɓa gani ba.

A bakin ƙofa Dogo ya taɓo shi. "To maƙwabci, me zan ce wa mutane? Tabo fa take ƙerawa."

"Faɗa musu, kar ka rage komai. Ni na tsufa ina gudun tabo, 'yata ta kama shi ta sa shi aiki." Ya ciro ƙyallen aljihunsa ya share ido. "Kuma ka ce musu da hannuna take yi."